Kacici-kacici Ko Gudun Hukunci? Sharhi A Kan Fim Ɗin "Thomas Jefferson" Na Ken Burns Da Martanin Da Ya Biyo Bayansa

Gabatarwa

A ranakun 18 da 19 ga watan Fabrairu na shekarar 1997, gidan talabijin na PBS, watau tashar jama'a ta ƙasar Amurka, ya nuna wani fim mai tsawon kimanin awa uku a kan rayuwar Thomas Jefferson, shugaban ƙasar na uku, wanda kuma shi ne ya tsara Takardar Shelar 'Yancin Kai ta 1776. Ken Burns ne ya shirya fim ɗin, Geoffrey C. Ward ya rubuta bayaninsa. Irin fim ɗin nan ne na bayanin tarihi, wanda ba a ƙaga labari a cikinsa, ba a kuma sa 'yan wasa su fito da shigar mutanen da. Abin da ake yi shi ne a tattaro tsofaffin hotuna da wasiƙu, a sa wani mai murya ya riƙa ba da labari, sa'an nan a riƙa sako masana ɗaya bayan ɗaya suna faɗin albarkacin bakinsu.

Ba nufinmu ba ne a wannan takarda mu ba da tarihin Jefferson tun daga haihuwarsa a 1743 har mutuwarsa a 1826. Abin da muke so mahalarta wannan taro su duba tare da mu shi ne yadda zubin fim ɗin ya zaɓi wanda za a ji da wanda ba za a ji ba, da kuma yadda aka karɓe shi. Ra'ayinmu, tun da wuri, shi ne cewa fim ɗin ya kira Jefferson kacici-kacici a wuraren da shaida ta riga ta isa a yanke hukunci. Kuma a ganinmu gardamar da ta biyo baya ta fi tsayawa a kan yawan lokacin da aka ba maganar bauta, alhali kuwa matsalar tana ga irin shaidar da aka yarda a kira shaida.

Zubin Fim Ɗin

Burns ya yi suna ne da fim ɗinsa na 1990 a kan yaƙin basasar Amurka. Dabararsa a can ita ce ya ɗauki tsohon hoto, ya sa kyamara ta riƙa bin sa a hankali, daga takalmin soja zuwa fuskarsa, har mai kallo ya ji kamar hoton na numfashi. To, a kan Jefferson sai wannan dabara ta ci karo da cikas, domin mutumin ya mutu kafin zamanin ɗaukar hoto da kyamara. Abin da ya rage shi ne hotunan zane, da rubutun hannunsa, da gidansa na Monticello a jihar Bajiniya, wanda shi da kansa ya zana fasalinsa, ya kuma shafe wajen shekara 40 yana ginawa yana rushewa. Saboda haka sai gidan ya zama shi ne fuskar mai gidan. Har an sa mai ɗaukar hoto Robert Lautman ya ɗauki sababbin hotuna na gidan bisa salon ƙarni na 19, don su dace da yanayin fim ɗin. Mai kallo yana ganin ɗakin karatu, da gado, da hasken safiya a kan katakon daɓe, ana kaɗa goge irin na Turawa, wanda Jefferson ya iya, Sam Waterston kuma yana karanta wasiƙunsa da murya mai taushi.

Babu shakka wannan aiki ya yi kyau, kuma duk wanda ya ce bai ji daɗin kallo ba ya so faɗa ne kawai. Amma fa sai mu tambayi kanmu abin da wannan zubi yake bukata kafin mutum ya samu shiga. Yana bukatar mutum ya bar wasiƙa da za a karanta, ko zanen fuska da kyamara za ta bi, ko ɗaki da aka adana da sunansa. Jefferson ya bar wasiƙu wajen 19,000. Yana da wata na'ura mai alƙalami biyu da ke kwafe wasiƙa a daidai lokacin da yake rubuta ta, watau ya san ana zuwa a karanta shi, ya kuma shirya wa masu zuwan. Abin da bai so a gani ba kuwa ya kawar, kamar wasiƙun da ke tsakaninsa da matarsa Martha, wadda ta rasu a 1782. A ɗaya ɓangaren, mutum fiye da 600 ne suka yi bauta a hannunsa a tsawon rayuwarsa. Mafi yawansu abin da ya rage nasu shi ne suna da shekarar haihuwa a cikin littafin lissafin gandu, tare da adadin hatsi da yadin tufafin da aka ba su. Ke nan tun kafin masani ko ɗaya ya buɗe baki, zubin fim ɗin ya riga ya raba gado: mai gida yana magana da bakinsa, bayinsa kuwa sai dai a yi magana a kansu.

Burns bai jahilci wannan ba. Shi ya sa, a fahimtarmu, ya zaɓi Ossie Davis ya zama mai ba da labari, baƙar fata ɗan wasan kwaikwayo, ɗan gwagwarmayar neman haƙƙi, wanda ya yi jawabin ta'aziyya a jana'izar Malcolm X a 1965. Ya kuma kawo John Hope Franklin, dattijon masana tarihin baƙaƙen Amurka, da Paul Finkelman, wanda bai taɓa sassauta wa Jefferson ba a kan bauta, ya haɗa su da masu ƙaunarsa irin su George Will, da marubuta irin su Gore Vidal da Garry Wills. Wannan ƙoƙari ne na gaske. Sai dai muryar Davis rubutun Ward take karantawa, kuma duk zafin da masani ya kawo, da an dawo ga goge da hasken taga sai ya huce.

Maganar Kacici-kacici

Jigon fim ɗin shi ne tufka da warwara. Ga mutumin da ya rubuta cewa an halicci mutane daidai, ga shi kuma yana saye da sayar da mutane. Ga mai wa'azin tsimi, ga shi ya mutu da bashin da ya haura dala 100,000. Ga mai cewa ya tsani mulki, ga shi ya yi gwamna, ya yi jakada a Faransa, ya yi sakataren harkokin waje, ya yi mataimakin shugaba, ya yi shugaba daga 1801 zuwa 1809. Masanin da ya fi riƙe wannan jigo a fim ɗin shi ne Joseph Ellis, wanda littafinsa American Sphinx ya fito a wannan lokaci, sunan kuwa yana kamanta Jefferson da dodon tatsuniyar Girkawa mai yi wa matafiya kacici-kacici.

A wasu wurare wannan fassara ta dace. Ba mai iya shiga zuciyar mamaci. Amma a kan bauta, ba zuciya muke bukata ba, ayyuka sun isa, kuma a rubuce suke. Gaskiya ne ya sa sukar cinikin bayi a daftarin Shelar 'Yancin Kai, majalisa ta cire. Gaskiya ne a 1784 ya kawo shawarar hana bauta a sababbin yankunan yamma bayan 1800, aka kayar da ita da ƙuri'a ɗaya. Shi ne kuma ya sa hannu a dokar 1807 da ta hana shigo da bayi daga waje tun daga farkon 1808. To, amma a gidansa fa? Mutum biyu ya 'yanta a hukumance yana raye, biyar kuma a wasiyyarsa, dukkansu dangin Hemings. Yana da maƙerar ƙusa inda yara maza 'yan shekara 10 zuwa 16 ke wuni suna dukan ƙarfe, shi kuma yana auna abin da kowane yaro ya ƙera da abin da ya ɓarnatar. A 1814 wani saurayi maƙwabcinsa, Edward Coles, ya rubuto masa yana neman ya ja gaba a yaƙi bauta. Jefferson ya ba shi haƙuri, ya shawarce shi ya zauna a Bajiniya ya riƙe bayinsa da kyautatawa. Coles bai bi shawarar ba: a 1819 ya kwashe su zuwa Illinois ya 'yanta su. George Washington ya yi wasiyya a 1799 a 'yanta bayinsa. Robert Carter na Uku, shi ma ɗan Bajiniya, ya fara 'yanta fiye da 450 tun 1791. A watan Janairu na 1827 kuwa, wata shida bayan rasuwar Jefferson, aka fara yin gwanjon mutanen gandunsa, su wajen 130, don biyan bashi.

Wanda ya jera waɗannan abubuwa ba zai ga kacici-kacici ba. Zai ga mutum mai kaifin basira wanda ya san abu mugu ne, ya faɗa da bakinsa, amma rayuwar da ya saba, da littattafai da giyar Faransa da ginin da ba ya ƙarewa, ba za ta yiwu ba sai da shi, ya kuma zaɓi rayuwar. Hujjar nan ta cewa mutumin zamaninsa ne ita ma ba ta tsayawa, tunda Coles da Carter a zamanin suke, a jihar suke, ƙarƙashin doka ɗaya.

Martani

Idan muka tattara yadda aka karɓi fim ɗin, za mu ga ra'ayi iri uku, ko da yake ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko shi ne na masu yabo, waɗanda suka ga an nuna musu babban mutum da aibinsa ba tare da an tozarta shi ba. A kan wannan ba mu da dogon bayani. Fim ɗin don su aka yi shi, ya kuwa biya musu bukata.

Na biyu shi ne na masu tsaron martabar Jefferson, waɗanda a wurinsu ko ambaton zargin da ake yi masa da baiwarsa Sally Hemings zubar da mutunci ne. Wannan ra'ayi yana da tsohon tushe. Dumas Malone, wanda ya rubuta tarihin Jefferson cikin juzu'i shida daga 1948 zuwa 1981, ya ƙi zargin bisa hujjar cewa bai dace da halin mutumin ba. Da Fawn Brodie ta karɓi zargin a littafinta na 1974, manyan masana suka yi mata ca. A 1979 kuma, da gidan talabijin na CBS ya yi niyyar mayar da ƙagaggen littafin Barbara Chase-Riboud a kan Sally Hemings ya zama fim, Malone da Virginius Dabney suna cikin waɗanda suka matsa har aka fasa. Watau talabijin ɗin Amurka ya daɗe da sanin cewa wannan magana gidan rina ce.

Na uku shi ne na masana tarihin bauta da na baƙaƙen fata. Su dama suna da tsohon ƙorafi a kan Burns. A 1996 an buga wani littafi da Robert Brent Toplin ya tace, inda masana irin su Eric Foner da Leon Litwack suka soki fim ɗin yaƙin basasa da cewa ya fi son labarin janar-janar da sulhun fararen Arewa da na Kudu fiye da abin da ya sami 'yantattun bayi. Mai irin wannan ido, idan ya kalli fim ɗin Jefferson, abin da zai gani shi ne an ambaci laifi an kuma wanke shi da kiɗa. Mun fi karkata ga wannan ra'ayi, amma muna ganin shi ma bai kai ga jijiyar ba sai an duba yadda aka yi da shaidar Hemings.

Shaidar Baka Da Shaidar Takarda

Ga abin da aka sani tun kafin 1997. Sally Hemings, wadda aka haifa wajen 1773, 'yar John Wayles ce, surukin Jefferson, watau ubansu ɗaya da matarsa Martha. Ta zo gidan a cikin gado. A 1787, tana 'yar shekara 14, ta rako ƙaramar 'yar Jefferson zuwa birnin Paris, inda yake jakada. Bayan sun komo ta haifi 'ya'ya shida da aka rubuta, huɗu suka rayu: Beverly, da Harriet, da Madison, da Eston. Ɗan jarida James Callender ne ya fara buga zargin a 1802, mutum ne kuwa mai gaba da Jefferson, wannan ya ba masu musu makami. Amma a 1873 Madison Hemings da kansa ya ba wata jarida ta jihar Ohio labarinsa dalla-dalla. Ya ce Jefferson ne ubansa, ya ce uwarsa ta so ta zauna a Faransa inda za ta iya samun 'yanci, ta yarda ta komo ne bisa alkawarin za a 'yanta 'ya'yanta in sun kai shekara 21. Wani tsohon bawan gidan, Israel Jefferson, ya gaskata shi a jaridar. Sa'an nan abin da ya faru ya yi daidai da alkawarin: an bar Beverly da Harriet sun tafi a 1822 ba wanda ya bi sawunsu, an 'yanta Madison da Eston a wasiyya. Tun 1968 kuma Winthrop Jordan ya lura cewa Jefferson, duk da yawan tafiye-tafiyensa, yana Monticello wata tara kafin kowace haihuwa.

A nan ya kamata mu yi wa mai karatu Bahaushe wata tunatarwa, don kada ya ɗauki Sally Hemings a matsayin sa-ɗaka irin wadda aka sani a tarihin ƙasar Hausa. A shari'ar da aka bi a nan, ɗan da ubangida ya haifa da baiwarsa ɗa ne mai cin gado, uwar kuma ba a sayar da ita, tana 'yantuwa da mutuwarsa. A Bajiniya kuwa dokar 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa. Ke nan Madison an haife shi bawan ubansa, sunansa yana cikin littafin gandu tare da sauran. Ba mun kawo wannan don mu yaba wata bauta ba ne, bauta ba ta da mai kyau. Mun kawo ne don a gane dalilin da ya sa ba za a taɓa samun takardar da uba ya amsa ɗansa ba: tsarin ƙasar an gina shi ne a kan kada a rubuta irin wannan.

To, yaya fim ɗin ya yi da wannan? Ya bi hanyar da ake kira adalci, ya ba kowane ɓangare dama. An ji wani daga zuriyar Thomas Woodson yana ba da ruwayar gidansu cewa su jikokin Jefferson ne. An ji masu cewa abin ba zai yiwu ba bisa ɗabi'arsa. Ellis a lokacin yana ganin shaidar ba ta isa a kama shi ba. John Hope Franklin kuwa ya ce, a taƙaice, ko ya kwanta da ita ko bai kwanta ba, ba shi ne abin dubawa ba, tunda mallakarsa ce, yana da ikon yin yadda ya ga dama da ita. Wannan ita ce magana mafi nauyi a duk fim ɗin. Amma daga ƙarshe an bar batun a matsayin abin da ba za a taɓa sani ba, aka ƙara shi cikin jerin kacici-kacicin.

A cikin wannan shekara ta 1997 Annette Gordon-Reed, lauya kuma malamar shari'a, ta fitar da littafinta a kan Jefferson da Sally Hemings. Ba don fim ɗin ta rubuta shi ba, amma ba mu san wani martani da ya fi shi dacewa da fim ɗin ba. Ba ta ce ta tabbatar da zargin ba. Abin da ta yi shi ne ta auna yadda masana suka auna shaidu. Ta nuna cewa jikokin Jefferson farare, waɗanda suka ɗora haihuwar a kan 'ya'yan 'yar'uwarsa, Peter da Samuel Carr, su ma ruwayar gida suke bayarwa, su ma suna da abin karewa, amma aka karɓi tasu a matsayin tarihi, aka yar da ta Madison a matsayin burin bawa na jingina da babban gida.  Malamai da ke nan waɗanda suka yi fama da masu cewa tarihin baka ba tarihi ba ne ba sa bukatar a yi musu dogon sharhi a kan wannan. Ruwayar baka tana iya kuskure, dole a tace ta. Abin da ba ya halatta shi ne a tace ta wani a sha ta wani ba tacewa.

Bayan Nuwamba 1998

Wata 21 bayan nuna fim ɗin, mujallar kimiyya ta Nature ta buga sakamakon binciken da Dokta Eugene Foster ya jagoranta. An gwada ƙwayar gado wadda ɗa namiji ke ɗauka daga ubansa ba tare da ta canja ba. Tun da Jefferson bai bar zuriya ta ɗa namiji daga matarsa ba, sai aka ɗauki jinin zuriyar baffansa, Field Jefferson. Ya dace da na wani daga zuriyar Eston Hemings. Na zuriyar Carr bai dace ba, watau labarin da aka riƙe fiye da shekara 100 ya rushe. Na zuriyar Woodson shi ma bai dace ba, kuma wajibi ne mu faɗi wannan, domin ruwayar bakan da fim ɗin ya fi nunawa da fuska da murya ita ce gwajin bai goyi baya ba, ta Madison kuwa, wadda ke kwance a tsohuwar jarida, ita ta tsaya. Talabijin yana son mai rai da zai zauna gaban kyamara, ko da shaidarsa ba ita ce mafi ƙarfi ba.

Gwajin shi kaɗai bai nuna Thomas ba, ya nuna namiji ne daga gidan Jefferson. Da wannan ne masu musu suka koma ga ƙanensa Randolph, sunan da jikokin ba su ambata ba a da, kuma wani kwamitin masana da wata ƙungiyar masu kare shi ta kafa ya fitar da rahoto a 2001 yana shakkar zargin. Amma Ellis ya sauya ra'ayi a fili tun 1998. A Janairun 2000 gidauniyar da ke kula da Monticello ta bayyana cewa, idan aka haɗa gwajin da sauran shaidu, mafi rinjayen zato shi ne Jefferson ne uban Eston, kuma mai yiwuwa uban duka shidan. A wannan shekara CBS ta nuna fim a kan Sally Hemings, abin da ta gudu a 1979, PBS kuma ta sake komawa kan batun a shirinta na Frontline.

Ba za mu zargi Burns da rashin sanin abin da bai faru ba tukuna. Zarginmu shi ne cewa kwanakin haihuwa, da 'yantawar, da bayanin Madison, duk suna gabansa a 1997, kuma tun 1993 Monticello ta fara tattara tarihin baka na zuriyar bayinta. Fim mai awa uku wanda ya sami sarari ya tsaya a kan doguwar wasiƙar soyayyar da Jefferson ya rubuta wa Maria Cosway a 1786, inda kai da zuciya ke gardama, yana da sararin da zai jera wa mai kallo waɗannan shaidu bi da bi ya bar shi ya auna. A watan Yuni na 2018 Monticello ta buɗe wani ɗaki a ɓangaren kudu na gidan don ba da tarihin Sally Hemings. Su ma sun ci karo da cikas ɗin da Burns ya ci karo da shi, domin ba ta bar zanen fuska ko wasiƙa ko ɗaya ba. Ba su ƙaga mata fuska ba. Inuwa suka haska a ɗakin, suka ba da labarin da kalmomin ɗanta Madison na 1873.